Yaya Tukuna, Mai Duba Saiti Kafin a Sabunta

Kafin mu gama gaishe-gaishen safe, ita ta riga ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur, ta gyara tabarau, tana leƙa sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da aikinmu, ɗaya bayan ɗaya. Sabobin ba a ofis suke ba, na haya ne can nesa, abin da ake kira girgije, kuma a kansu asibitoci ke karɓar sakamakon gwajin jini. Amma ta san halin kowace kamar ita ta goya ta.

Yaya Tukuna muke ce mata. Duk ranar da za a sabunta manhaja, mu muna ɗoki, sai ta ɗaga hannu: "Tukuna. Wa ya taɓa saitin nan da hannu?" Sai ta jera na asali da wanda ke aiki, tana bi layi-layi, mu kuwa muna hamma.

Na tuna shekarar da ta tsinci wani layi da ba ya cikin na asali, babu bayani a gefensa. Sabuntawa za ta share shi. Ta yi ta cigiya har ta samo Dogo a waya, tsohon abokin aikinmu da ya koma kiwon kaji. Muna jiyo carar zakara.

"Yaya, har yanzu kina nan?"

"Ina za ni? Dogo, me ya sa ka tsawaita lokacin jira a sabar gwaji?"

Ya ce: "Wayyo! Asibitin bayan dutse ne, intanet ɗinsu rarrafe yake. In an cire, sakamakon ɗakin haihuwa ba zai isa ba, kuma ba wanda zai sani."

Shugaban sashe ya ɗage aikin, Yaya ta mayar da layin cikin sabon saiti, ta rubuta dalilinsa.

Yaya, ke ce wadda in aikinki ya yi kyau ba a ganin komai. Matan da suka haihu lafiya a can ba su san da ke ba. Mu mun sani.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ta koma cikin jikokinta. Mun gode, uwar haƙuri, Allah ya ba da hutu mai albarka. Ku kuma masu tasowa, in kun ga layin da ba ku gane ba, ku nemi mai shi kafin ku goge. Wataƙila wata na naƙuda a bayansa.