Hoton da Ban Ɗauka Ba

A gidanmu na Dogarawa, da an gama cin tuwo bayan magariba, mu yara ba ma jiran a kira mu. Kowa zai jawo buhunsa ko guntun tabarmarsa zuwa ƙofar ɗakin Kaka Hajo, mahaifiyar babana. Lokacin sanyi takan hura wuta da karan dawa a wani fasasshen kasko, ta miƙe ƙafafunta wajen garwashin, kuma ba ta cewa uffan sai harshen wutar ya lafa. Sa'an nan ta daki ƙasa da tafin hannu ta ce, "Baƙuwa ta iso ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "A buɗe mata!" Ban taɓa jin wani ya buɗe tatsuniya haka ba sai ita.

Ni kuwa, Salifu, takan kira ni "mai gidana", don wasan jika da kaka, kullum tana ƙorafin ta auri mijin da bai taɓa saya mata goro ba. Babana kuwa ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. "Wancan na Abijan" take ce masa. A shekarar da nake ba da labari, ya yi shekara bakwai can yana kasuwanci bai leƙo gida ba, sai dai saƙo.

Ina da shekara goma sha huɗu sha'awar hoto ta kama ni, kuma Kawu Idi ne sila. Ƙanen innata ne, direban kamyo, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa daga Galmi zuwa kudu. Yana da wata baƙar kyamara da yake naɗewa cikin rawani. Ba sana'a yake yi da ita ba, abin da ya burge shi a hanya kawai yake ɗauka. A wurinsa na fara ganin jirgin ƙasa, tsaye a tasha yana fitar da hayaƙi, da teku, da wata mata mai suyar doya tana dariya da hannu a baki. Nakan riƙe hotunan nan har ya ce in kawo kada zufar hannuna ta ɓata su.

Ƙarshen daminar nan fara ta sauko mana. Gero ya fara nuna, mutane na kwana da fargaba, ana ta cewa za a turo ƙaramin jirgin sama ya yi feshi. Daidai lokacin Kawu zai yi tafiya, ya ga yadda nake kallon rawanin nan, sai ya miƙo mini.

"Saura uku cikin fim ɗin," ya ce. "Uku rak. Ka duba da kyau kahin ka danna. In na dawo mu kai Konni a wanke."

Na farko na ɗauki balbela bisa bayan sa a bakin tabki. Na biyu na ɗauki mata suna sussuka. Na uku na ajiye wa jirgi. Ban taɓa ganin jirgin sama kusa ba, kuma na riga na gama shirya yadda zan nuna hoton a lakwal, wato makaranta, in an koma bayan hutu.

Ranar da aka ce gobe jirgin zai zo, da la'asar, Kaka ta aiko a kira ni. Na same ta zaune bisa kujerarta a inuwar zaure. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen saƙi mai baƙi da fari wanda ba ta fitarwa sai da salla, ta sa kwalli, ta ɗaure murjaninta a wuya. Har takalmi ta aro wurin innata.

"Mai gidana," ta ce, "an ce kai ma ka zama mai hoto. To ɗauke ni. In Idi ya tashi tahiya ya kai ma wancan na Abijan, ya ga ban mutu ba."

Na tsaya da kyamara a hannu. Da na ce mata saura ɗaya ne kuma na jirgi ne, na san dariya za ta yi, ta ce jirgi ya fi ta farin jini. Amma kunya ta hana ni, kuma son jirgin ya hana ni dannawa. A jikin fitilar kyamarar akwai wani ɗan maɓalli da ake gwada haske da shi, ba ya taɓa fim. Kawu ne ya nuna mini. Na durƙusa, na kai kyamarar ido, na ce ta ɗago haɓa kaɗan. Ta ɗago. Ta ɗora hannuwanta biyu bisa gwiwa, ta haɗe fuska kamar mai sauraron huɗuba. Na danna maɓallin gwaji. Haske ya walƙa.

"La ilaha! Walƙiya ba hadari!" ta ce, tana murza ido tana dariya. "Na yi kyau?"

"Kin yi kyau, Kaka."

"Allah ya yi maka albarka."

Washegari jirgin ya zo. Na bi shi da gudu cikin gonaki har ƙaya ta yage mini ƙafa, na danna na ukun.

Da Kawu ya dawo muka je Konni aka wanke. Balbela ta fito, matan sussuka sun fito. Jirgin kuwa wani ɗigo ne baƙi cikin farin sama, in ba an nuna maka da yatsa ba sai ka ce ƙuda ne ya sauka a takardar. Ko lakwal ban kai shi ba. A ranar Kawu ya sayi sabon fim a gabana. Kalma ɗaya zan faɗa masa, mu dawo gida ya ɗauki Kaka kafin rana ta faɗi. Ban faɗa ba, don ina tsoron ya ce ban isa riƙon amana ba, ya hana ni taɓa kyamararsa. Ya naɗe ta cikin rawani ya kama hanyar kudu.

Kaka ta tambayi hotonta. Na ce nata yana wurin mai wanki, babba za a yi shi. Bayan sati biyu ta sake tambaya, na ce ruwan wankin ne ya ƙare, sai an kawo daga Sakkwato. Ta ce to. Daga baya na ce mai shagon ya yi tafiya. Ƙaryar ta yi mini sauƙi har na daina shirya ta, in ta tambaya sai kawai ta fito.

Wata maraice cikin sanyi, muna kewaye da kaskon wuta, ta daki ƙasa, muka ce a buɗe wa baƙuwa. Sai ta kawo wadda ba mu taɓa ji ba.

Wai wata tsohuwa ce makauniya, tana da jika guda. Tana da irin gero cikin ɗan tulu, wanda ta gada wurin uwarta. Da ruwan shuka ya sauka ta ba yaron ta ce ya je ya shuka mata a gonarta ta bayan dutse. A hanya yaron ya ga kurciyoyi masu kyau, ya watsa musu kaɗan don su matso ya kalle su. Suka matso. Ya ƙara watsawa. Kafin ya ankara tulu ya zama wayam. Sai ya je gonar ya sassare ramuka, ya rufe su ba komai ciki, ya dawo ya ce an shuka.

Tsohuwa ta ce, ya tsiro? Ya ce ya tsiro. Bayan kwanaki ta ce, ya kai ina? Ya ce ya kai gwiwa. Ta ce, ya yi kai? Ya ce ya yi kai har yana sunkuyawa. Tsohuwa ta sa aka yi wa rumbunta sabon yaɓe. Da lokacin girbi ya yi, ta ce ya ja mata sanda ya kai ta, tana son ta ji iska cikin geronta. Yaro ya rasa yadda zai yi, ya kai ta gonar maƙwabci. Ta miƙa hannu ta shafa zangarniya ɗaya daga ƙasa har sama. Ta daɗe tana shafawa. Sa'an nan ta ce, "Ya yi kyau. Mai da ni gida."

Nan Kaka ta dasa aya, ta ɗauki kara tana tona garwashi.

Ƙanwata Rabi ta ce, "Sai kura ta cinye shi?"

"Babu kura cikin wagga."

"To mi ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi," Kaka ta ce. "Ya girma. Ya yi tsawon rai ƙwarai." Ta kakkaɓe hannunta. "Baƙuwa ta koma inda ta hito. Kowa ya naɗe tabarmarsa."

Yara suka tashi suna gunaguni, wai wannan ba tatsuniya ba ce, ba waƙa ba duka. Ni na kasa ɗaga ido. Ina jira ta kira sunana, ko ta ce in tsaya. Ba ta ce ba. Da na zo wucewa ta gabanta sai ta ce, "Mai gidana, rufe kunnuwanka, da sanyi." Daga ranar ba ta sake tambayata hoto ba.

Kafin damina ta zagayo ta kwanta ciwon ƙirji, kwana biyar Allah ya karɓi abarsa. Babana ya iso bayan an yi addu'ar bakwai. Da mutane suka ragu ya kira ni gefe, ya ce an kai masa saƙonta tun watannin baya, wai ya saurari hotonta, jikanta ya ɗauke ta da zanen salla.

"Ina yake?" ya ce.

Na ce fim ɗin ya ƙone wurin wanki. Ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗata ya ce ba laifina ba ne. Wannan dafawar ta fi mini mari zafi.

Yau ina da kyamarata, kuma na ɗauki abin da ban san adadinsa ba: tsuntsayen tabki, kasuwar albasa, jirage na sama da na ƙasa, fuskokin mutanen da ban san sunansu ba. A duk danginmu babu mai hoton Kaka Hajo ko ɗaya. 'Ya'yana sukan tambaye ni kamanninta, in ce doguwa ce, mai wushirya, sai in ji maganar ta ƙare.

Na daɗe ina zaton hukunci ne ta manta ta sa a tatsuniyar nan. Sai da na manyanta na gane ba ta manta ba. Har yau ban sani ba ko ta gano ni ne, ko kuwa ni ne nake jin kowace magana a kaina. Ba wanda zan tambaya.

Shekara ashirin da wani abu bayan rasuwarta, babana ya dawo gida gaba ɗaya, ya tsufa, ƙafa ta ƙi. Wata safiya ina yi masa aski a tsakar gida, na ajiye askar na faɗa masa komai, tun daga maɓallin gwaji har ɗigon jirgi. Na shirya wa faɗa. Ya kalli ƙasa, rabin kansa da kumfa.

"Kowace shekara nakan aika mata cewa bayan girbi ina nan tahe," ya ce. "Shekara bakwai. Ita kuma ta aiko ta ce Allah ya kawo ni lahiya. Ba ta taɓa cewa na yi ƙarya ba." Ya share ido da bakin rigarsa. "Kai yaro ne lokacin. Ni fa?"

Muka zauna haka har kumfar ta bushe a kansa. Can ya ce in jiƙa ta in ƙarasa, kada azahar ta same shi da rabin aski.