Shekarar da Kakana Ya Binne Irinsa Duka

Ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, wanda kowa ke so, ni faɗuwar gaba yake sa ni. Bari ka ji dalili.

A gidanmu na Damri, kakana ke da maganar shuka. Yana da wani irin gero mai doguwar zangarniya da ya gada wurin mahaifinsa, babu mai shi a garin sai shi. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa damin irin nan a rumbu. Kuma shi mutumin binne ne: a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira kamar masoyin da aka yi wa alkawari.

Wata safiya hadari ya taso daga gabas, baƙi wuluk kamar kwalli. Kakata ta ce, "Malam, a rage ko rabi ne."

Ya dube ni yana murmushi. "Amarya, ɗauko ƙwarya mu tafi. Wagga tsohuwa da tsoro ta tsufa."

Yana sara da sungumi, mu yara muna zubawa muna takewa da diddige, har ƙwarya ta koma wayam.

Ruwan ya zo, amma iyakar abin da zai tashi iri daga barci. Tsiro ya fito siriri, kore shar, har na riƙa yi masa waƙa. Sai sama ta rufe bakinta. Aka fita roƙon ruwa, aka dawo da ƙura a goshi. A idonmu tsiron ya nannaɗe, ya ƙone. Lokacin da damina ta zauna sosai, geron maƙwabta kakana ya karɓa ya shuka. Ya yi godiya, amma har ya rasu ban ƙara ganin ya tsaya kallon gabas ba.

Yau ƙanena aikin hasashen yanayi yake yi. Ya ce tauraron ɗan'adam na duban gajimare ta sama, ya auna sanyinsa, ya ƙiyasta ruwan da ya zuba har a dajin da babu ma'auni, da wannan suke gyara hasashensu. Bana ya bugo mini waya. "Yaya, ki ce wa mutanen garinmu su dakata da shuka. Ruwan farko zai ɗauke."

Na isar da saƙon. Waɗanda 'yan bindiga suka bar wa gonaki sun dakata, kuma irinsu ya tsira. Na yi masu murna, sannan na shiga ɗaki na yi kuka. Yanzu mun san lokacin da ya kamata a shuka shi. Geron ne babu.