Ranar da Hadari Ya Kore Mu Daga Bakin Dam

"Kowa ya riƙe takalminsa a hannu, kada wanda ya rabu da wani." Ni ce nake ba da umarni a bakin dam, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska tana neman tafiya da tabarmarmu.

Wata uku na yi ina roƙon maigidana ya kai mu shaƙatawa bakin teku, kamar yadda nake karantawa a littattafai. Ya ce teku ta yi nisa, ga dam nan bayan Ɗanbatta. Sawu biyu babur ɗinsa ya yi kafin ya kawo mu, ni da yara biyu da surukata Inna.

A zuciyata na gama tsara gudun. Zai dubi idona ya ce ko duniya za ta tashi, ni zai fara ɗauka.

Sai Inna ta kalli sama ta ce, "Wannan hadarin gida ya nufa, ga gyaɗa can shanye a tsakar gida."

Maigidana ya juyo ya dube ni, kallo mai tsawo. Ya ce, "Amarya, tsakaninki da Allah, ke da Inna wa ya fi saurin kwashe shanya?"

Kowa ya san amsar. Ya ɗauki Inna a babur suka yi gida, ya bar ni da yara.

Gyaɗa ta tsira ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ni da yara muka jiƙe sharkaf a rumfar masunta.

Matan manoma, ku faɗa min gaskiya, a gidajenku wa ake fara cetowa?