Anti Ban-Yarda-Ba ta Ɗakin Sauro

Kowace safiya, kafin ta amsa gaisuwarka sai ta sansana ka. Turare, sabulu mai ƙamshi, warin taba, ba wanda ke ƙetare ƙofarta. Shi ya sa a cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro muke kiranta Anti Ban-Yarda-Ba. Aikinta ta sa sauro ɗai-ɗai cikin bututun gilashi, duk sanda ya tashi ya gifta wani siririn haske sai na'ura ta ƙirga. Da haka ake gane lokacin yawonsa, da ko magani ya kashe masa jiki. Ita kam ko na'urar kallon maƙaryaciya take mata.

Bara sai ga sauronta sun yi laƙwas, alhali ba a ba su komai ba. Aikin watanni ya lalace. Anti ta zargi ruwan sukarin da suke sha, ta zargi fanka, har mai gadi ya sha harara. Ƙarshe idonta ya sauka kan tsohon da ke mana shara.

"Baba, da me kake goge teburin nan?"

"Ruwa ne, Anti. Wallahi ruwa zalla."

"Uhm," ta ce.

Wannan "uhm" ɗin ya kai kunnen shugaba, aka ce Baba ya tattara nasa ya nasa ƙarshen wata. Mutum da iyali, a shekarunsa wa zai ɗauke shi?

Hankalin Anti dai bai kwanta ba. Ranar hutu tana ninkin kaya sai ga maigidanta da gwangwanin feshin maganin ƙwari, irin marar warin nan, ya buɗe durowarta yana ta fesawa.

"Malam, tun yaushe kake wannan aikin?"

"Tun da na ga kyankyaso. Ba sai kin gode ba."

Rigar aikinta a durowar take kwana.

Da ta ja bakinta, ba mai sani har abada. Amma da aka koma aiki ta tsaya gaban kowa ta ce, "Ni nake kawo gubar a jikina. Ku ƙyale Baba." Ta sha faɗa, ƙarin girman da take jira kuma ya wuce ta.

Anti, ke ce kika zargi duniya kaf, ba ki tsame kanki ba. Yau da kike ajiye aiki mun gode, har mu da kika gasa wa gyaɗa a hannu. Masu tasowa, in za ku yi zargi ku yi irin nata. Baba yana nan yana shararsa, jiya ma shi ya dage sai ya ɗaukar mata jaka har bakin titi.