Ƙodar da Za Ta Ji Labari

A bencin asibiti a Garwa, Hansai tana jiran layinta, tana satar kallon wani ƙaton dattijo da ke ta sharce zufa da hularsa. Yatsunsa duk tabon wuƙa ne. Wataƙila mahauci ne, wanda ya tsufa yana feɗe shanu, ga shi yau za a tsakuri tsokar ƙodarsa don gwaji.

Nas ta iso da allura. "Baba, wannan za ta rage zubar jini bayan an gama."

Ya kama gefen rigarta. "'Yata, yi mini biyu. Ƙoda biyu gare ni."

"Ai ɗaya za a taɓa, Baba."

"Na sani. To ɗayar fa? Maƙwabta ne, za ta ji labari."