Baba Tukuna, Mai Famfon Sanyi

Kafin kowa ya iso ɗakin bincike, shi ya riga ya rataye rigarsa a bayan ƙofa, ya ɗora tafin hannu a jikin famfon sanyi yana saurare. Famfon nan bugawa yake kamar zuciya. Aikinsa ya kame ɗan guntun iskar da ta rage a tukunyar gwaji, ya daskarar da ita a cikinsa. Shekara ashirin da bakwai Baba yana tayar da shi: ƙaramin inji ya fara zuƙe iska, a kunna sanyi, sai a zauna jiran allurar ma'aunin iska ta sauka. Duk mai gaggawar da ya ce a buɗe bawul, wato 'yar ƙofar da ke tsakanin famfon da tukunyar, amsarsa ɗaya ce: "Tukuna." Haka sunan ya bi shi.

Ni ma na sha wannan tukunar. Ina ƙarshen digirina, gilasai huɗu kacal da nake gwaji a kansu a tukunyar suka rage mini daga aikin shekara biyu, in sun lalace shi ke nan.

"Baba, don Allah a buɗe, jibi zan miƙa sakamako," na ce.

"'Yata, famfon ya ƙoshi. Ba ki ji numfashinsa ya canza ba? Sai an ɗumama shi ya amayar da abin da ya haɗiya. Gobe."

Farfesan da ke duba aikina ya leƙo. "Ai allura ta nuna lafiya lau."

"Ranka ya daɗe, allura ba ta da kunne."

Raina ya ɓaci. A gaban mutane na ce wanda bai taɓa rubuta kundi ba ina zai san zafinsa. Washegari Baba ya nuna mini ruwan da ya tsiyayo daga famfon, wanda da an buɗe, a kan gilasaina zai ƙare. Aiki ya yi kyau, na zama dakta. A shafin godiya na jero kowa, har mai buga mini takardu, na manta da shi. Har yau abin yana cina.

Baba, kai ne ka haɗiye gaggawarmu da rashin kunyarmu, ba ka amayar wa kowa ba. Kundaye nawa suka fita ta hannunka babu sunanka? Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu tasowa, ku koyi sauraren inji, ku koyi cewa tukuna ko da farfesa ne tsaye a kanku.

Ranar da ya yi ritaya na same shi yana goge famfon. Na durƙusa.

"Baba, maganar nan da na yi maka, ka yafe mini?"

Na zaci zan ji kalmar tasa. Ko tsayawa tunani bai yi ba.

"Tun ranar, 'yata," ya ce.