Kwalta a Gindin Tsani

Mahaifina mai fenti ne, kuma in ana neman mai taurin kai a layinmu ba sai an wahala ba. Tun kafin a haife ni yake hawa tsani da bokiti a hannu. Farcensa bai taɓa fita fes ba, kullum akwai ragowar launin gidan wani a ciki. Yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya barin bango rabi. Ya ce in ka tsaya, inda ka shafa ya bushe, in ka dawo ka ɗora sai layi ya fito a tsakiya, kuma duk wanda ya shigo ɗakin, layin nan zai fara gani. In ya fara bango, ko maƙogwaronka zai tsage da kira ba zai waiwayo ba.

Da ciwon suga ya kama shi, likita ya ɗora shi a kan allura, ya ja masa kunne. Kada ya yi allura ya zauna da yunwa, in ya ji jiri ko gumi ya tsaya ya jefa abu mai zaƙi a baki. Baba ya ce to. Mu da muka san shi mun san wannan "to" ɗin ba za ta wuce ƙofar asibiti ba.

Yana da kare, amma ba nemansa ya yi ba. A wani kango da yake aiki ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo, baƙi wuluk, ya sa masa suna Kwalta. Ya girma yana bin Baba duk inda aiki ya kai shi, ya kwanta a gindin tsani har a tashi.

Mama ce ta fara lura, don ita ke fama da ɗinkin wandunan aikinsa.

"Wai me ke cinye maka ƙafar wando ne?" ta tambaye shi.

"Wannan ɗan banzan karen mana. Wasu ranaku sai ya hau kaina kamar mai aljanu."

Ni na gani da idona ranar da na kai masa abinci wani shago da yake shafawa. Kwalta yana kwance abinsa, sai ya miƙe zumbur yana shinshina iska. Ya fara kuka ƙasa-ƙasa, ya ɗora ƙafafu a kan matakala, ya cafke wandon Baba yana ja.

"Kai! Sake ni!" Baba ya daka masa tsawa.

Na ce, "Baba, sauko mu gwada suganka."

"Ke ma kin bi sahunsa? Lafiyata ƙalau."

Ba don ni ya sauko ba, don karen ya ƙi saki ne. Na soki yatsansa na gwada, suga ya yi ƙasa sosai. Shi bai ma fara jin komai ba. Yana tauna alawa hannunsa ya soma rawa, ya ɓoye shi a aljihu wai kada in gani.

Daga nan muka sa ido, kusan duk lokacin da Kwalta ya ja wando, gwaji sai ya gaskata shi. Likita ya ce wasu karnuka sukan ji canjin a numfashi ko gumin mutum. Kada mu daina gwaji, amma kada mu raina kashedin.

Yayana ya ce shi bai ga dalilin jan magana ba, a ƙwace tsanin kawai, Baba ya zauna a gida. Ni ce na tsaya kai da fata. Na san in aka raba Baba da aikinsa an gama da shi. Muka kai ruwa rana, a ƙarshe aka yi sharaɗi: zai ci gaba da aiki, amma Kwalta na jan wando zai sauko, ko bango ya bushe ko kada ya bushe. Baba ya yarda a gaban kowa.

Ya riƙe alƙawarin muddin ayyukan ƙanana ne. Sai ya samu wani sabon gida mai dogon bangon falo, mai gidan kuma ya zaɓi launi mai duhu, irin wanda ba ya rufa wa kowa asiri. Baba ya yi allurarsa da safe, ya ajiye abincinsa a taga bai ci ba. Kafin ya buɗe bokiti, ya ja Kwalta ya kai shi kicin ya rufe ƙofa.

Mai sa tayil da ke aiki a sama ya ce ya daɗe yana jin karen yana haushi yana dukan ƙofa. Da abin ya ishe shi ya sauko don ya yi mita, sai ya tarar da Baba a ƙasa, tsani a kansa, ƙugu ya karye. Na je na ga ƙofar kicin ɗin daga baya. Kwalta ya kankare ta har katako ya fito.

A asibiti na ce, "Baba, me ya sa ka kulle shi?"

"Ai na san zai dame ni."

"To ba don ya dame ka aka bar maka tsanin ba?"

Ya kawar da kai. "Saura kaɗan fa in gama."

Raina ya ɓaci. Na fita waje, don kada in faɗi abin da bai kamata 'ya ta faɗa wa ubanta ba. Har yau in na tuna sai in ji haushin ya dawo sabo. Dabba ta yi duk abin da za ta iya, mutum mai hankali ya sa mata sakata.

Ƙashin ya haɗu, amma likita ya ce tafiya sai da sanda, hawa kuwa an gama. Wannan karon ban buɗe baki ba da Yaya ya zo da mota ɗaukar tsanin. Kwalta na jin ƙarar ƙarfe ya taso da gudu yana kaɗa jela. Ya bi tsanin har bakin ƙofa, ya tsaya ya waiwayo, ya dawo gaban kujerar Baba, ya sake komawa ƙofa. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Zo ka kwanta," ya ce. "An tashi daga aiki."